Annobar Korona da Ƙarancin Kayan Kariya: Abin da Makiyayi Zai Sani Kafin Ya Yi Magana

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar korona ta fita daga matsayin annobar da ke bukatar matakin gaggawa a duniya. Kafin wannan rana ma yawancinmu mun riga mun ajiye takunkumi, gardamar da ta cika rediyo da kasuwa da ƙofar majami'a a 2020 kuma ta lafa. Amma tambayoyin da ta tayar suna nan ba a amsa su ba. Wa ke da alhakin kare ma'aikacin asibiti? Daidai ne likita ya ajiye aiki ana tsakiyar annoba? Yaushe ikkilisiya za ta bi umarnin hukuma, yaushe kuma za ta tsawata mata? Mai hidima a Jabo, ko cikin garin Tambuwal, ko a ƙauyukan Kebbe, zai sake haɗuwa da waɗannan tambayoyi, ko da sunan cutar ya canja ya koma sanƙarau, kwalara ko zazzaɓin Lassa. A ƙananan ikkilisiyoyin wannan yanki kuwa, sau da yawa ma'aikaciyar jinya da ɗan sandan da aka turo ya tsare hanya da ɗan kasuwar da aka rufe wa hanyar a benci ɗaya suke zaune ranar Lahadi. Duk abin da fasto ya faɗa daga bagade, su ukun ne za su ji shi.

Yadda abin ya faru

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Cikin Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamiti na musamman a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, Dakta Sani Aliyu kuma shi ne mai kula da ayyukan kwamitin na yau da kullum. Gwamnonin arewa maso yamma suka rufe makarantu daga 23 ga Maris. Ranar 30 ga Maris aka sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja. Kano ta sami mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, Sakkwato kuma ranar 20 ga Afrilu, lokacin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, aka riƙa kai waɗanda suka kamu cibiyar killacewa da ke Amanawa. Bikin Ista ya faɗo ranar 12 ga Afrilu, azumin Musulmi ya soma cikin mako na ƙarshe na watan, don haka matakan suka riski addinan biyu a lokacin da suka fi bukatar taruwa. Daga 4 ga Mayu aka sa dokar hana fitar dare a faɗin ƙasa, aka wajabta sa takunkumi, aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, hanin da bai tashi ba sai 1 ga Yuli. Ga mutumin Tambuwal da Kebbe, wanda kasuwancinsa da danginsa suka ratsa cikin jihohin Kebbi da Zamfara, wannan hani ya fi kowane mataki taɓa tukunyarsa.

Mene ne kayan kariya, me ya sa suke ƙarewa

Cutar tana yaɗuwa ne ta numfashi, ta ɗigon da ke fita idan mai ita ya yi tari, atishawa, magana ko waƙa. Ƙananan ɗigon suna iya daɗewa cikin iskar ɗakin da ba shi da taga. Wanda ya wuce majinyaci a hanya haɗarinsa kaɗan ne. Wanda zai sunkuya a kansa ya auna shi, ya sa masa ruwa, ya share masa majina, sau da yawa a yini, shi ne yake shaƙar abin kai tsaye. Kayan kariya su ne abin da ke tsakaninsa da cutar: safar hannu, riga mai hana ruwa shiga, tabarau ko garkuwar fuska, da takunkumi. Takunkumin ma iri-iri ne. Na ƙyalle, wanda teloli suka riƙa ɗinkawa, yana rage abin da mai shi ke fesawa ga jama'a. Na asibiti ya fi shi. Wanda ake kira N95 kuwa yana manne wa fuska, yana tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo cikin iska, shi ne kuma ake bukata idan za a zura wa majinyaci bututun numfashi.

Abin da jama'a da yawa ba su gane ba shi ne, yawancin waɗannan kaya sau ɗaya ake amfani da su. Safar da aka taɓa majinyaci ɗaya da ita ba a taɓa na gaba da ita. Rigar da aka fito da ita daga ɗakin killacewa ƙonawa ake yi. Cire kayan ma yana da ƙa'ida, domin wajen cirewa ne mutum yakan shafa wa kansa abin da ya yini yana gudu. Saboda haka kayan kariya sun fi kama da abinci fiye da gini: ba a cewa an sayo an gama, kullum sai an sake. Gwamna zai iya tsayawa gaban kwalaye a ɗauki hoto da gaskiyarsa, bayan mako biyu ma'aikaciya ta ce babu safa, ita ma da gaskiyarta.

Ƙarancin bai tsaya a kanmu ba. Ranar 3 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duniya na bukatar takunkumin asibiti miliyan 89 da safar hannu miliyan 76 kowane wata, ta ce sai masana'antu sun ƙara abin da suke yi da kashi 40 cikin ɗari. Ta ce farashin takunkumin asibiti ya ninka shida, na N95 ya ninka uku. Mafi yawan kayan a Sin ake yin su, ita kuwa cutar can ta fara. Ƙasashe masu arziki suka hana fitar da nasu, suka saye na kasuwa. Ingila da Amurka ma sun ga ma'aikatansu suna kukan rashin kaya. A ƙarshen Maris wani attajirin Sin, Jack Ma, ya aiko wa kowace ƙasar Afirka takunkumi 100,000 da rigunan kariya 1,000 da kayan gwaji 20,000. Kyauta ce mai kyau, amma mu yi lissafi: idan aka raba wa ƙananan hukumomi 774 na Najeriya daidai wa daida, Tambuwal za ta sami takunkumi 129 da riga ɗaya, Kebbe ma haka. Bai kai aikin mako guda na asibiti ɗaya ba.

Wa ke da alhakin wace ƙofa

Wannan wuri ne da masu wa'azi suka fi yin tuntuɓe. Mukan ce "gwamnati" kamar mutum ɗaya ce, alhali kiwon lafiya a ƙasarmu hawa uku ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na gwamnatin tarayya ne. Manyan asibitocin da ke hedkwatar ƙananan hukumomi na jiha ne. Ƙananan cibiyoyin lafiya na mazaɓu, inda talakan ƙauye ke fara zuwa, suna tsakanin ƙaramar hukuma da hukumar kiwon lafiya matakin farko ta jiha. Hukumar NCDC, wadda Dakta Chikwe Ihekweazu ya shugabanta a lokacin, aikinta sa ido, gwaji, ba da ƙa'idoji da tallafa wa jihohi. Ba ita ke tafiyar da asibitoci ba. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244. Kwalin safa da ya bar Abuja sai ya bi ta ma'ajiyar jiha, ya bi ta ƙaramar hukuma, kafin ya isa hannun mai aiki a Jabo, kowace ƙofa kuma tana da mai riƙe da makulli. Wanda ya tsaya yana zagin Abuja a kan abin da ya maƙale a sakatariyar ƙaramar hukuma ya huce haushinsa, amma bai taimaki kowa ba.

A bayan wannan duka akwai maganar kuɗi. A Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu. Kasafin tarayya na 2020 bai ba lafiya ko kashi biyar ba. Cikin Afrilu na wannan shekara Boss Mustapha da kansa ya gaya wa shugabannin majalisa cewa bai san harkar lafiya ta lalace haka ba sai da aka ba shi wannan aiki. An yi masa ca, daga baya ya ce an juya maganarsa. Mu dai muna ganin ya faɗi gaskiyar da manya ba su cika faɗi ba.

Abin da kowane ɓangare ya ce

Masu kare gwamnati suna da hujja, bai kuwa kamata fasto ya yi kamar bai ji ta ba. Sun ce cuta ce sabuwa, babu wanda ya san halinta. Sun ce kayan sun yi wuya a duniya duka, farashin man fetur kuma ya faɗi warwas a daidai lokacin. Sun nuna cewa ɗakunan gwaji da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba a farkon shekara sun yawaita har kusan kowace jiha ta sami nata. Sun tuna wa jama'a cewa Najeriya ta taɓa daƙile Ebola a 2014, inda mutum takwas kaɗai suka mutu, cikinsu har da Dakta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana mai cutar barin asibiti. Adadin waɗanda hukuma ta tabbatar korona ta kashe a ƙasar kuma bai wuce dubu uku da ɗari biyu ba, nesa ƙwarai da abin da aka yi hasashe.

Masu suka kuwa ba da ka suke magana ba. Cikin Afrilu masu haƙar kabari a Kano suka fara cewa gawawwaki sun yi yawa fiye da yadda aka saba, dattawa da manyan malamai suna ta tafiya. Gwamnatin jihar ta danganta abin da hawan jini, ciwon sukari, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A daidai wannan lokaci ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki na wasu kwanaki. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya sa wa Kano kulle na mako biyu. Sai cikin Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce bincike ya gano mace-mace 979, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa suna da alaƙa da korona. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa inda gwaji ya yi ƙaranci, adadin hukuma ba shi ne adadin kaburbura ba. Wasu cikin mamatan kuma wata cutar ce dabam ta kashe su, domin asibitoci sun riƙa jin tsoron karɓar mai tari ko mai zazzaɓi. Ma'aikacin da ba shi da kariya yakan kare kansa da rufe ƙofa, mai naƙuda da mai ciwon sukari su ne ke biyan kuɗin.

Sai jana'izar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda cutar ta kashe ranar 17 ga Afrilu. Washegari aka binne shi a maƙabartar Gudu da ke Abuja cikin cinkoson manya, a lokacin da ake hana talaka taron suna da na biki. Aka kuma ga hoton wani cikin masu binnewar yana tuɓe rigar kariyarsa yana yar da ita a gefen hanya. Kwanaki kaɗan kafin haka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoto cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar kulle cikin makonni biyu na farko, fiye da waɗanda cutar ta kashe zuwa lokacin. Gwamnonin arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu cikin manyan motoci, wasu yaran aka same su da cutar bayan sun sauka. Cikin Oktoba kuma, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas, Jos, Kaduna, Yola da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan shinkafa da kwalayen taliya masu tambarin CACOVID, gamayyar attajirai da bankuna da Aliko Dangote da Babban Bankin Najeriya suka jagoranta. Ƙungiyar gwamnoni ta musanta cewa ɓoye kayan aka yi, ta ce wasu ana jiran cikowarsu ne, wasu kuma an tanada ne don dawowar cutar. Ko da bayanin ya zama gaskiya a wasu jihohi, mai yunwar da ya ga rumbu cike ba zai saurare shi ba. Ba mu goyi bayan wawaso ba, sata sunanta sata. Amma abincin da aka tara domin masu yunwar Afrilu bai kamata ya kai Oktoba a kulle ba.

Yajin aikin likitoci

Nan ne gardamar ta shigo cikin ikkilisiya sosai, nan ne kuma ya kamata mu daɗe. A farkon Yuni 2020 shugaban NCDC ya ce ma'aikatan lafiya 812 sun kamu da cutar. Ranar 15 ga Yuni ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa, ƙarƙashin Dakta Aliyu Sokomba, ta shiga yajin aiki. Cikin bukatunta akwai isassun kayan kariya, inshorar rai, da biyan alawus na haɗari. Zuwa wannan lokaci an yi shekaru da yawa ana biyan naira 5,000 a wata a matsayin wannan alawus, wato bai kai naira 170 a rana ba. Gwamnatin tarayya ta riga ta yi alkawarin ƙari na musamman saboda korona, amma kuɗin bai shiga hannu ba. Ƙungiyar ta bar waɗanda ke aiki a cibiyoyin killacewa su ci gaba, bayan mako guda kuma ta janye yajin.

Masu bi suka rabu biyu. Wasu suka ce aikin jinya kira ne, Ubangiji ya taɓa kuturu da hannunsa, makiyayi na ƙwarai ba ya gudu in ya ga kyarkeci. Suna da tarihi a bayansu. A annobar da ta auka wa daular Roma wajen shekara ta 250, Bishof Sifiriyan na Kartaj ya gargaɗi masu bi su yi jinyar kowa har da masu tsananta musu, Diyonisiyus na Iskandariya kuma ya ba da labarin dattawa da dikinoni da suka mutu saboda jinyar marasa lafiya. Ba za mu raina wannan gado ba. Amma a lura da bambanci ɗaya. Waɗancan sun ba da ransu da yardar kansu, a zamanin da babu wata safa da wani ya hana su. Sadaukarwa abu ne da mutum ke miƙawa daga nasa. Idan mai iko ya riƙe abin da zai kare ma'aikaci, sa'an nan ya bukaci ma'aikacin ya nuna jaruntaka, sunan abin ya canja. A Fitowa sura 5 Fir'auna ya hana Isra'ilawa ciyawar da ake kwaɓa ƙasa da ita, wadda maginanmu ke kira ramno, ya ce yawan tubalin kada ya ragu, da suka yi kuka kuma ya kira su ragwaye. A 2 Sama'ila sura 11 Dawuda bai ɗaga takobi a kan Uriya ba. Ya sa an kai shi inda yaƙi ya fi zafi, aka janye aka bar shi. Annabi Natan bai ɗora jinin a kan Ammonawa kaɗai ba, Dawuda ya nuna da yatsa. Ba muna cewa wani jami'i ya yi nufin kashe likita ba, Dawuda da gangan ya yi nasa. Amma Shari'a ba ta tsaya ga ganganci ba. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai gina sabon gida ya kewaye soronsa da katanga, domin in wani ya faɗo alhakin jinin yana kan gidan. Sakaci ma yana da hukunci. A wurin ma'aikacin jinya, takunkumi da safa su ne wannan katanga.

Martin Luther ya fuskanci irin wannan tambaya a 1527, da annoba ta shiga Wittenberg aka ce ya bar gari ya ƙi. A wasiƙar da ya rubuta wa wani fasto a Breslau ya koyar cewa masu riƙe da hidima, fastoci da mahukunta da masu jinya, ba su da izinin gudu su bar waɗanda ke hannunsu ba mai kula. A cikin wasiƙar kuma ya tsawata wa masu ƙin magani da masu shiga jama'a da cuta da sunan bangaskiya, ya ce gwada Allah ne. Ya bukaci hukuma ta tanadi gidajen jinya da masu aiki a cikinsu. Nauyin a wurinsa ya hau kan kowa, daga mai mulki har maƙwabci.

To, me za mu gaya wa 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da ta zo ta ce ƙungiyarsu ta kira yaji? A ganinmu neman kayan kariya ba rashin bangaskiya ba ne, kuma fasto ba shi da ikon ɗora mata laifin da Littafi bai ɗora ba. Tana da 'ya'ya a gida, idan ta kamu kuma majinyatanta ne za su fara ɗauka daga gare ta. Amma mu gaya mata gaskiya ta ɗaya gefen: a ƙasarmu yajin asibiti ba ya taɓa mai kuɗi, domin yana da asibitin kuɗi, wani ma yana da jirgi. Matar da aka ɗauko a babur daga ƙauyen Kebbe tana zubar da jini ita ce ke tarar da ƙofa a rufe. Saboda haka mai bi da ke cikin ƙungiya ya zama muryar da ke cewa a bi duk hanyoyin sulhu tukuna, in kuma yajin ya zama dole, a bar ɗakin haihuwa da na gaggawa a buɗe. Fasto da bai taɓa buɗe baki a kan rashin safa ba, ba shi da bakin tsawata wa mai yaji.

Rashin yarda da harshen mai wa'azi

Da yawa a yankinmu sun ce korona ƙarya ce, hanyar cin kuɗi ce, ko kuwa ciwon masu hawa jirgi ne. Kafin mu yi musu dariya mu tuna cewa ruwa ba ya tsami banza. A 1996, ana cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, goma sha ɗaya suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙetare. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da ya gyara lamarin shan inna shi ne shigowar sarakuna da malamai, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, suna bi gari-gari, har ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Mutane sun karɓa ne daga bakin waɗanda suka sani. A 2020 ma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi kira ga Musulmi su bi ƙa'idojin masana lafiya, Majalisar Bishof-bishof na Katolika kuma ta miƙa wa gwamnati cibiyoyin lafiyarta 425 don a yi amfani da su.

Wannan yarda da jama'a ke ba shugaban addini amana ce, ana kuwa iya cin ta. An ji masu wa'azi, har da manya a Legas, suna danganta cutar da turakun wayar 5G, wasu suna kiran allurar rigakafi alamar dabbar nan ta Wahayin Yahaya. Saƙonnin suka yi ta yawo a WhatsApp, wasu fastoci suka karanta su a bagade ba tare da tambayar ko ma'aikacin lafiya ɗaya ba. Doka ta tara ta hana shaidar zur, ba ta kuwa ce an yafe in gwamnati ko likita ake yi wa ba. Haka nan Zabura 91, wadda aka yi ta karantawa a lokacin, ita ce Shaiɗan ya ɗauko a Matiyu sura 4 don ya sa Yesu ya diro daga kan Haikali, Ubangiji kuwa ya ƙi.

Akwai wani jarabi kuma, na saurin cewa annoba hukunci ce. A 2017, da sanƙarau ya kashe sama da mutum dubu, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina, gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya ce zunuban jama'a ne suka jawo shi. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi na Biyu, ya mayar masa da martani a fili cewa abin da ake bukata shi ne a nemo allurar rigakafi. Mu ma mukan faɗa wannan rami. A Luka sura 13 Yesu ya ƙi yarda cewa waɗanda hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mutanen Urushalima zunubi. Kiran tuba yana kan kowa a kowane lokaci. Amma idan mai riƙe da kasafin kuɗi ya ce zunubin talakawa ne ya kashe su, ya wanke hannunsa ne da tauhidi, bai kamata mu zuba masa ruwan ba.

Romawa sura 13 ta umarce mu mu yi biyayya ga mahukunta, ta kuma kira mai mulki bawan Allah domin amfanin jama'a. Ayar da ta ɗora mana biyayya ita ce ta ba mu ma'aunin da za mu auna shi. Rage taro don hana yaɗuwar cuta ba tsanani ba ne muddin dokar ta hau kan kowa daidai. Littafin Firistoci sura 13 ma ta sa firist ya keɓe wanda ake shakkar ciwonsa kwana bakwai, ya sake dubawa. Inda aka rufe ɗakin sujada aka bar taron siyasa, sai a yi magana, a rubuce, da sunan ikkilisiya, ta hannun shugabanninta.

Namu gidan

Amanawa, inda aka killace masu korona, tsohon wurin jinyar kutare ne da mishan ɗin SIM ta riƙe tun shekarun 1930, kamar yadda ta riƙe Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. Ikkilisiya a ƙasar Hausa ta shigo wurare da yawa ta ƙofar jinya. Har yau ɗarikunmu suna da ƙananan ɗakunan shan magani, a cikinsu kuma mu ne masu ɗaukar ma'aikata. Katangar soron nan tana kanmu. Majalisar dattawan da ke da ɗakin magani ta duba kasafinta: nawa aka ware wa safar hannu, sabulu, ruwa mai tsabta da kwandon zubar da allura, nawa kuma aka ware wa taron shekara? Haka zancen tallafi. Ikkilisiyoyi da yawa sun karɓi kayan abinci a 2020. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni a kan rabon gwauraye, manzanni ba su ce a yi shiru ba, sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai amintattu. Bulus ma, a 2 Korantiyawa sura 8, bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba. Idan kaya suka zo, a rubuta abin da ya shigo, a karanta a gaban jama'a, rabon kuma kada ya zama a hannun fasto da iyalinsa.

A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, Sakkwato tana cikin jihohin da ta fi taɓawa, amma ba ta sami ko rubu'in surutun da korona ta samu ba, domin ba ta shiga gidajen manya. Ma'aikacin da ke jinyar mai amai da gudawa safar nan ce dai yake bukata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman, aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, domin kiwon lafiya matakin farko, wani kaso nasa kuma ana tura shi ga zaɓaɓɓun cibiyoyin mazaɓu don magani da kayan aiki. Tsarin ya tanadi kwamitin ci gaban mazaɓa, inda masu unguwa da shugabannin addini da wakilan mata ke sa ido a kan cibiyar. Fasto a Jabo ko Kebbe ya nemi sanin ko kwamitin mazaɓarsa yana zama, wa ke cikinsa, ko cibiyar tana cikin masu karɓar kuɗin. Inda masu bi ba su da yawa, hikima ita ce ya tafi tare da liman da mai gari, domin ciwon na kowa ne, murya uku kuma ta fi ɗaya isa sakatariya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanƙarau yakan taso da rani ya tsananta cikin zafin Maris da Afrilu, kwalara kuma da damina. Watan Nuwamba, bayan an gama girbi, shi ne lokacin zuwa wurin mai kula da cibiyar a gaishe shi, a tambaye shi kwali nawa na safa ya rage a ma'ajiya, da kuma ranar da aka kawo na ƙarshe.